Rahoton kwamitin gini: an gama sabon ɗakin sujada

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu, na nan Maradi da waɗanda ke Yamai, Damagaram da Kano suna ta tambayarmu ta WhatsApp ina anka kwana. To aiki ya ƙare, an rufa kwano, an sa ƙofofi da tagogi, an yi daɓe da fenti, wuta ma an jawo. Dattawan ikkilisiya sunka ce mu rubuto muku yadda abin ya tafi.

Kun dai san yadda muke a da. Tsohon ɗakin ginin ƙasa ne tun na iyayenmu, ya yi muna kaɗan ƙwarai, ran Lahadi mata da ɗiya rabinsu a waje ƙarƙashin rumfar zana suke, wa'azi sai ta taga suke jin shi. Jama'a kuwa ƙaruwa take, ga 'yan lakkwal da ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga iyalan da sunka taso daga ƙauyukan wajen Tsibiri da Madarunfa neman abinci, ga waɗanda anka yi ma baftisma. Shi ya sa anka kafa wannan kwamiti, anka ce mu fara da abin da ke hannu.

Mun fara da ƙarfinmu, tushe ya fito, bango ya kai wajen linta, sai ga rufe iyaka bayan watan Yuli na 2023. Duk ɗan Maradi ya san mi ke nan in an rufe hanyar Dan Isa da Jibiya, kasuwa ta mutu, siminti da ƙarfe da kwano sunka yi tsada, 'yan'uwanmu masu ɗan saye da sayarwa ko na tuwo da ƙyar. Aiki ya tsaya cik watanni. A nan kuma dole mu faɗi namu laifi, lissafin da munka kawo gaban ikkilisiya da farko ya yi kaɗan, ba mu sa kuɗin ɗaukar yashi daga Gulbi ba, ba mu sa ruwa ba, kuma mun yarda da wani mai kaya ba tare da mun auna ba ya kawo muna ƙarfen da bai kai kaurin da munka biya ba, sai da maso ya gano anka mayar. Mun roƙi gafara a taro kuma muna sake roƙo a nan.

Daminar 2024 kuma ta zo da nata, ruwan ƙarshen watan Agusta da ya rushe gidaje cikin gari bai bar tsohon ɗakinmu ba, bangon gabas ya tsage tun daga sama har ƙasa, fasto ya hana a shiga. Makonni muna sujada a fili kan tabarmi. Abin da ya ba mu mamaki shi ne a lokacin ne, da wasu cikinmu su kansu ɗakunansu sun faɗi suna kwana gidan dangi, baiko ya fi shigowa.

Wannan wuri ne muke so ku tsaya ku ji da kyau, don mu da muke riƙe da littafin shiga da fita mun ga abin da ba kowa ya gani ba. Babu wani mai kuɗi guda da ya ɗauki ginin nan, babu kuɗin da ya zo daga Turai ko Amurka. Zumuntar mata sunka mayar da adashensu na wata-wata cikin asusun gini, wasunsu masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne, ribar yini ba ta wuce 'yan daloli. Manoma da kaka sun kawo gero da wake da tiya-tiya, mun tara mun sayar. Wani ɗan'uwa mai kabu-kabu ya ware abin da ya samu duk ran Asabar. Matasa ba su da kuɗi amma su sunka buga birki, su sunka yi ta ban ruwa safe da yamma don kada ya fashe, cikin zafin Afrilu. Akwai wata tsohuwa, gwauruwa ce, ba za mu faɗi sunanta ba don ta hana, ta jawo akuyarta ja guda ɗaya tak har ƙofar ma'aji. Gaskiya kwamiti ya rabu biyu a kan akuyar nan, wasu sun ce haram mu karɓa tunda ita ce duk dukiyarta, aka tura dattijo ya lallashe ta, ya ce mata Inna ki koma da abarki Allah ya ga zuciyarki, ta ce ba shi ta kawo ma ba. Mun karɓa da hawaye. Daga baya zumuntar mata sun haɗa sun sai mata 'yar akuya ba da saninmu ba, kuma a ganinmu sun yi daidai ƙwarai. Fasto ya sha karanta muna labarin gwauruwa mai anini biyu a Markus sura 12, da na ikkilisiyoyin Makidoniya a 2 Korintiyawa sura 8 da sunka bayar cikin talaucinsu, amma bana da idonmu munka gani.

Da gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na 2024 sai munka yi sauri munka saye abin da ya rage, daga nan aiki bai sake tsayawa ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba za mu manta da su ba, mai gidan da ke bayanmu ya bar mu muna ɗibar ruwa a famfonshi lokacin zubin kankare, wani kuma ya ba da amalankenshi kwana da kwanaki bai karɓi ko dala ba. Allah shi saka musu.

Lissafin kuɗi dalla-dalla, abin da ya shigo da abin da ya fita da takardun saye, yana wurin ma'aji kuma an liƙa kwafi a allon sanarwa, duk mai so ya zo ya duba ya yi tambaya, ba kunya. Bashi bai rage a kanmu ba sai ɗan cikon kuɗin mai walda, shi ma ya ce a biya shi bayan kaka.

Abin da ya saura, bencina ba su isa ba, tsofaffin ne munka gyara, makewayi na mata bai ƙare ba, kuma ɗakin makarantar Lahadi na yara har yanzu rumfa ce. Ranar keɓe ɗakin dattawa za su sanar bayan sun gana da shugabannin gunduma. Kafin nan sujada ta koma ciki tun Lahadin da ta wuce, mai tabarma ya riƙo abarshi.