Wasiƙa Zuwa Dhaka a Kan Abul Mansur Ahmad

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kuma damunar Dhaka ta zo maka da sauƙi. Shiru ya yi yawa tsakaninmu, amma tambayar da ka yi mini, ko ɗan jarida zai iya shiga siyasa ya fito da mutuncinsa, ba ta bar zuciyata ba, har karatu ya kai ni ga wani ɗan ƙasar da kake zaune, Abul Mansur Ahmad.

An haife shi a 1898 a Dhanikhola, cikin yankin Mymensingh. Ya karanta lauya, ya yi aikin jarida a Kalkata, kuma a 1946 ya zama editan jaridar Ittehad. A siyasa ya zauna a jam'iyyar Congress, ya bi A. K. Fazlul Huq cikin jam'iyyar manoma da ke adawa da masu manyan filaye, ya shiga Muslim League, daga bisani ya zama jigo a Awami League. Masu suka za su ce sauya sheƙar ta yi yawa, amma ni a ganina talakan Bengal da harshensa ya bi duk inda ya je.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zaɓen 1954 na Gabashin Pakistan, wato Bangladesh ta yanzu. Shi ne ya rubuta wa haɗakar 'yan adawa manufofinta guda 21, adadin da aka zaɓa don tunawa da ranar 21 ga Fabrairun 1952, lokacin da 'yan sanda suka harbe masu neman a girmama harshen Bangla. Manufa ta farko ita ce a sanya harshen cikin harsunan hukuma. Muslim League mai mulki ta sha mummunan kaye, Abul Mansur ya zama ministan lafiya na yankin, amma cikin watanni kaɗan gwamnatin tsakiya ta rushe gwamnatinsu. Ya riƙe ma'aikatar ciniki da masana'antu a ƙarƙashin firaministan Pakistan Suhrawardy, sannan shugaban mulkin soja Ayub Khan ya ɗaure shi a 1958, bai fito ba sai 1962. Daga nan ya koma ga alƙalaminsa, ya rubuta tarihin siyasar da ya gani da idonsa, har Allah ya yi masa rasuwa a 1979.

Don Allah ka tambayi 'yan uwanka ɗalibai ko har yanzu suna karanta labaran barkwancinsa, waɗanda ya caccaki malaman ƙarya da 'yan kasuwar da suka ci riba da yunwar 1943. Ina matuƙar son in ji amsarsu.

Ka huta lafiya. Naka aboki.