Wasiƙa daga Sent Lusiya

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna, ya yara? Ni dai alhamdulillah aiki sai godiya, zafin nan da sauƙi sai dai ruwan sama ba ya sallama.

Ka ce in ba ka labarin yarinyar da ka gani a bayana a hoto, wai ko shugabar ƙasa ce. To ba ita ba ce, Julien Alfred kenan mai tsere, kuma wallahi a nan ta fi 'yan siyasa farin jini, daga filin jirgi har bangon shaguna ita ce. Ƙasar fa ɗan tsibiri ce a yankin Karibiyan, duka duka mutanenta ba su kai dubu 200 ba, sai 1979 suka samu 'yanci daga Ingila, kuma ba su fara zuwa Olamfik ba sai 1996 a Atlanta, tun daga nan har kafin 2024 ake zuwa ana dawowa hannu rabbana. A wasannin Kwamanwel na ƙasashe renon Ingila ne suke ɗan taɓa abin kirki, akwai wata Levern Spencer mai tsallen sama da ta yi ta kawo tagulla a 2010 da 2014, sai 2018 a Ostireliya ta ciwo musu zinare na farko. A Olamfik ɗin Riyo ta shida ta zo, abokan aikina har yanzu suna maganar kamar jiya aka yi.

Sai ranar 3 ga Agusta 2024 a Faris, ana tsuga ruwa, Julien ta cinye mita 100 a daƙiƙa 10.72 ta bar Sha'Carri Richardson ta Amurka a baya, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar kuma zinare, bayan kwana uku ta ƙaro azurfa a mita 200. Mu kuwa ka dai san yadda tawagarmu ta dawo daga Faris ɗin, ko tagulla babu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne babban filin wasansu na George Odlum da ke Vieux Fort, tun da gobara ta ci asibitin St Jude a 2009 aka kwashe marasa lafiya aka kai can, shekara da shekaru filin tsere ya zama asibiti. Ita kuma a unguwar Ciceron ta taso tana gudu ba takalmi, babanta ya rasu tana 'yar shekara 12 har ta so ta bari, sai da ta tafi Jamaika tana 14 sannan jami'ar Texas. Gwamnati ta ba da hutu ranar 27 ga Satumba 2024 ta sa wa babban titi sunanta, ni dai a ganina filin ya kamata a fara gyara wa na bayanta.

Dan Allah ka daina hana Auta zuwa gudun makaranta, takalmin na saya sai na samu mai zuwa. A gaida Baba da kyau, kuɗin maganin Inna sai ƙarshen wata in sha Allah.

Ƙanwarka