Rahoton kwamitin gyaran benenmu, daga rufi har sola

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mazauna wanga gida, barkanmu da warhaka. Ni ne sakataren kwamitin mutum 5 da kunka ɗora ma aikin gyaran bene, shugaba ya ce in rubuta rahoto kamin zaman da za mu yi don wanda bai samu zuwa ba kar gobe ya ce ba a gaya mai ba. Aiki dai Alhamdulillahi ya kammala, sai 'yan abubuwan da ba a rasa ba, zan faɗe su can ƙasa.

Kowa ya san mafarin maganar. Benen nan na ƙungiyarmu ta gama kai ne, gida 12, shida sama shida ƙasa, ba mu da wani mai gida da za mu kai ma kuka, mu ne masu gida kuma mu ne mazauna. Tun 29 ga Mayu 2023 da anka cire tallafin mai, fetur ɗin da muke saye ƙasa da naira 200 lita ya haura 500, daga baya ma ya wuce 1,000, janareton da ke turo muna ruwa tanki ya zama shi ke cinye asusu tun wata bai raba ba. Sai ga azumin 2024 ya faɗo Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, kuma wanda ya san Birnin Kebbi ya san zafin lokacin nan yakan wuce digiri 40. 'Yan sama tabarma sunka riƙa shimfiɗawa a baranda da tsakar gida, yara na kuka, tsofaffi ba barci. Abin dariya ma babban layin wuta daga Kainji ta garinmu ya biyo har ya wuce Nijar, amma dai mu ga mu da mafici a hannu. Bayan sallah anka zauna anka ce a yi karo-karo a sa sola.

To anan ne kwamiti ya ɗan saɓa ma abin da kunka aike mu, kuma gara in yi bayani tun da har yanzu akwai masu ƙorafi. Da munka kira mai aikin sola ya zagaya gidan ya lissafa abin da muke kunnawa, kuɗin da ya faɗa ko mun sayar da janareto da babura ba mu haɗa su. Shi da kanshi ya ba mu shawara mu fara rage abin da gidan ke ci kamin mu sayi abin da zai ciyar da shi, domin ɗakin da ya ɗau zafi kamar tanda ko fanka uku ka sa mai iskar zafi za su yi ta juyawa. Munka ga gaskiya ce. Shi ya sa kunka ga kafinta da mai fenti sun riga mai sola shigowa.

Da rufi munka fara. Kwanon ya yi tsatsa, wasu wurare na yoyo, silin ɗin gidajen sama ya lotsa, wani wuri ma babu shi, kwano ne tsirara bisa kan mutane. An liƙe inda ke zuba, an canza falle-fallen da sunka ruɓe, an wanke sauran an shafe shi da farin fenti hannu biyu. Wasu sun yi dariya wai mun maida bene asibiti. Dalili dai mai sauƙi ne, fari na maida hasken rana, mai duhu na shanye shi, shi ya sa ba ka ganin mai hankali da baƙar riga a watan Afrilu. An sa sabon silin, sannan kafinta ya buɗe 'yan kafofi can sama ta gabas da yamma tsakanin silin da kwano don zafin da ke taruwa wurin ya samu hanyar fita, anka rufe su da raga saboda jemage da tantabaru. Ba mu da na'urar awo, amma ni da ma'aji mun hau tsani ƙarfe uku na rana kamin aikin da bayanshi, da can tafin hannu bai daɗewa a jikin silin, yanzu ɗumi ne kawai. Hajiya ta gidan ƙarshe a sama, wadda ta fi kowa faɗa lokacin karɓar kuɗi, ita ce ta fara cewa jikokinta sun koma kwana ɗaki. Ni dai abin da ya tsaya min a rai, soron ƙasa na kakanninmu mai rufin azara bai san wannan wahala ba, da rana sanyi da dare ɗumi, mu munka bar shi munka rungumi kwano da bulo muna cewa ci gaba, yanzu ga shi muna biyan kuɗi don mu samo abin da su sunka samu kyauta.

Bangon yamma shi ne na biyu, shi ke shan rana daga azahar har faɗuwarta, da dare kuma ya yi ta amayo zafin cikin ɗaki. Mai walda ya yi ma kowace taga ta wannan ɓangaren 'yar rumfa. Akwai gida uku da sunka toshe tagar baya da katako saboda ƙurar hunturu sunka manta da ita shekara da shekaru, an buɗe an sa raga da marfi, in iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Sauran bangon an yi mai fenti mai haske.

Ƙwan lantarki ba sai na ja magana ba. Mun tarar da tsofaffin ƙwayaye masu wat 60 har da masu 100 a matakala da bayan gida, an cire su duka an sa LED mai wat 9. Ƙwai ɗaya na da yana cin abin da sababbi shida za su ci har da saura, kuma ga zafi da yake ƙara ma ɗaki. Fankokin silin na da kan ci wat 70 ko fiye, sababbin masu tsimin wuta wajen 30, amma tsadarsu ta sa ɗaya-ɗaya kawai munka iya sa ma kowane gida a falo.

Ruwa kuwa nan munka ji kunya. Ashe rabin wahalar janareto ƙasa take zuba. Famfo nawa ke ɗiga dare da rana, bututun bayan gidajen ƙasa ya tsage ya jiƙa gindin bango, sannan abin nan mai kama da ƙwallo da ke rufe ruwa in tanki ya cika ya lalace tun ban san yaushe ba, sai Baba mai gadi ya ji ruwa na ambaliya sannan ya ruga ya kashe inji. Duk an gyara da kuɗin da bai kai na fetur ɗin wata ɗaya ba. Yanzu injin rijiyar burtsatse da hasken rana yake aiki, ana kunna shi da hantsi zuwa azahar lokacin da rana ta yi ƙarfi, tanki ya cika, da dare ruwa ya sauko da kanshi ba a taɓa batir ba. An kuma ja indararo a bakin rufi zuwa tankin ƙasa guda biyu. Lissafinshi shi ne duk milimita 1 na ruwan sama bisa murabba'in mita 1 lita 1 ce, kenan rufi irin namu ruwa ɗaya mai kyau na iya cika tanki. Ruwan farko a bar shi ya tafi da ƙura da kashin tsuntsaye, na baya shi ake tarawa, kuma na wanki ne da ban ruwan itace, don Allah kar a sha, kar kuma a bar marfi buɗe sauro ya samu gidan haihuwa.

Sai sola, wanda shi kaɗai ya ci fiye da rabin kuɗin duka. Fanel 10 munka sa, kowane wat 550, da inbata ɗaya, wato na'urar da ke maida wutar batir irin wadda kayan gida ke aiki da ita, da batir na lithium. An yi gardama sosai kan batir, har zama biyu. Masu son na ruwa sun ce ya fi sauƙi, gaskiya ne, amma shi sai ana duba ruwanshi ana ƙarawa, bai son a zuƙe shi ƙarƙaf, zafi kuma na kashe shi da wuri, kuma a gidan mutum da yawa kowa ya san yadda aikin "wani zai yi" ke ƙarewa. Anka tsaya kan lithium, anka gina mai ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala inda rana ba ta kai wa, da ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Fanel ɗin ba mu ɗora su kan rufi ba, rumfar ƙarfe anka yi musu a tsakar gida ta kudu. Dalili biyu: wankewa, domin ba wanda za mu aika saman bene da bokiti duk mako, sannan inuwar ta zama wurin aje babura. Suna kallon kudu da ɗan karkata kaɗan saboda garinmu na wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, iska kuma na ratsa ƙarƙashinsu, don shi fanel haske yake so, in ya yi zafi da yawa wutar da yake badawa raguwa take yi. An binne sandar kariyar tsawa, damina ba wasa.

Kuskurenmu ma mu faɗa. Wanda ya fara haɗa wayoyin mun biya shi duka kamin a gwada, ya sa waya siririya tsakanin batir da inbata, kwana huɗu shugaba ya shiga ɗakin ya ji ƙauri, da ya taɓa wayar sai da ya janye hannu. Allah ya kiyaye. Mun sha zarya kamin ya dawo, ƙarshe wani munka kira ya canza da mai kauri, kuɗin kuma daga asusu ya fita. Laifin kwamiti ne, mun karɓa, ni na sa hannu a takardar biyan.

Yanzu maganar da ta fi kawo hayaniya. Kowane gida an ja mai layin sola daban da na mita, da 'yar bireka, wato abin da ke faɗuwa ya yanke wuta in an ja fiye da ƙima, mai amp 2, kenan wajen wat 460. Ya isa ƙwayaye da fanka da cajin waya da talabijin. Bai ɗaukar dutsen guga, bai ɗaukar hita, don su kowane daga wat 1,000 yake farawa. Da gangan anka yi haka, in ba haka ba mutum ɗaya zai shanye batirin gida 12 kamin tsakar dare. A makon farko birekar wani gida ta faɗi sau uku da asuba, mun san ko na wane ne, shi ma ya san mun sani, mun bar ta a nan. Firij da firiza suna nan kan wutar mita kamar da. Iyayenmu mata masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo sun kawo kuka kan haka kuma kukansu na kan hanya, shawarar kwamiti ita ce in an samu hali a sa firiza ɗaya babba ta haɗaka mai aiki da rana, mai amfani da ita ya riƙa biyan wani abu. Sai abin da zama ya yanke.

Itatuwa an dasa su farkon damina. Dogon yaro ta yamma, nesa da ginin da kuma sokawe saboda saiwarshi ba ta da kunya, mangwaro biyu da gwaba a tsakar gida inda ba za su yi ma fanel inuwa ba, zogale a bayan kicin. Awaki sun cinye guda huɗu tun mako bai cika ba, anka sake dasawa anka kewaye da bulo. Jiharmu na cikin jihohi 11 da shirin nan na dasa itatuwa don tare hamada, Babbar Koriyar Ganuwa, ya shafa, to mu dai tamu ganuwar itace goma sha ce, kuma inuwarta sai nan da 'yan shekaru, kar wani ya tambaye ni baɗi. An haƙa rami a lungu na ɓawon kayan miya da ganye don taki, leda kuma buhunta daban, a daina ƙona ta gindin taga. Murhu mai tsimin gawayi an sayo guda uku na gwaji, masu girki su za su faɗa muna ko ya yi.

Lissafin kuɗi dalla-dalla da rasit ɗin kowane abu na hannun ma'aji, kwafi na manne a allon matakala, wanda ya ga abin da bai gane ba ya zo da shi zama ya tambaya gaban kowa, ya fi a yi ta a bayan ido. Janareto ba mu sayar ba, yana nan saboda ranakun hadari, amma tun da anka kunna sola sau biyu kawai ya yi kuka. Gida biyu ba su cika karo-karonsu ba, mun san yanayi, su ga ma'aji a tsara biya kaɗan-kaɗan.

Abin da kwamiti ke roƙo shi ne kuɗin fetur da muka saba tarawa duk wata kar a soke shi duka, a rage shi a riƙa zuba sauran a asusu daban, domin batir da inbata suna da ranarsu, kuma farin fentin rufi ƙura za ta dusashe shi sai an sake. Wankin fanel kuma, in hunturu ya kama hazo na iya rufe su cikin 'yan kwanaki wuta ta ragu, za a riƙa yi da sassafe kamin gilashin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, ba omo ba soson ƙarfe. Samarin gida sun ce sun ɗauka, gida-gida kowace Asabar, sunayen za a rubuta ranar zama. Makullin ɗakin batir ɗaya na wurin shugaba ɗaya wurin Baba mai gadi. Zaman Lahadi ne bayan la'asar ƙarƙashin rumfar sola, a zo da tabarma, kujerun ba za su isa ba.