Zuwa ga ɗana da ke jinya a Garwa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, gwaggonka ta shaida mini cewa ƙafar da harsashin 'yan fashi ya karya a hanyar Waza ta ɗore, har kana takawa ba sanda, amma barci ya ƙaurace maka, kuma da zarar babur ya yi ƙara a bakin titi sai ka zabura, gumi ya keto maka. Ta ce ka roƙe ta kada ta sanar da ni, don gudun in ce ɗana ya zama raggo.

Ba zan ce haka ba, domin na ga irinsa da idona. Lokacin da bama-bamai suka tashi a babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare ranar 22 ga Yulin 2015, maƙwabcinmu mai sayar da yadi ya tsira da rauni a kafaɗa, wanda ya warke cikin makonni, amma ya daɗe ba ya iya bi ta ƙofar kasuwa. Ya fara da tsayawa daga nesa tare da ƙanensa, kullum yana ƙara matsawa, har ya koma rumfarsa. Likitoci sun san wannan hali: jikin da ya ga mutuwa yakan ci gaba da zaman ɗar-ɗar bayan haɗarin ya wuce, kuma yawan kauce wa abin da ke tuna maka da ranar yana ƙara wa tsoron ƙarfi ne.

Saboda haka kada ka kulle kanka a ɗaki. Ka riƙa fita masallaci, ka ci abinci cikin jama'a, ka faɗa wa wanda ka amince da shi abin da kake gani a mafarki. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma hakan bai rage masa imani ba. Tunda abin ya haura wata guda, ka gaya wa likitan da ke duba ƙafarka, ya haɗa ka da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa. Addu'a ba ta hana neman magani.

Abu ɗaya na hana ka: kada ka nemi barci a ƙwayar taramol, ko da abokai sun yi maka tayi, don na ga yadda ta lalata samarin unguwarmu.

Zan zo ranar Asabar, mu taka tare zuwa tashar mota, ko da ba za ka shiga ba.

Mahaifinka,
daga Marwa.