Auta, ki san ranar yanka kafin ki sayo 'yan tsaki

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yayarki ta ce kin sa an kewaye bayan ɗakinku na Samaru da waya, za ki zuba burola, kajin turawa na nama, guda 50 da kuɗin adashinki. Allah ya sa albarka. Na rubuto ne don na san halinki, abin da aka faɗa miki a waya kafin la'asar ya bi iska.

Kada ki biya kuɗin 'yan tsaki sai kin san ranar da za ki yanka da waɗanda za su saya. Burola ba kazar Hausa ba ce da za ta yi wata shida tana tono a tsakar gida tana ci da kanta. A mako 6 zuwa 8 ta kai kilo biyu ko fiye, daga nan kuma naman da take ƙarawa ba ya biyan abin da take ci. Kowace ɗaya za ta ci kilo 4 zuwa 5 kafin ta isa wuƙa, ke nan guda 50 za su cinye buhu 8 zuwa 10 mai kilo 25. Ki ware kuɗin nan gefe tun yanzu. Mata da yawa a mako na biyar aljihunsu ke bushewa, su koma dusa da ragowar tuwo, kajin su tsaya cak. In Sallah kike hari, ki ƙirgo mako bakwai baya, ranar nan za ki zuba. In kuma wani ya yi miki tallar Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke nan Shika ta samar, kaza ce mai kyau amma ta ƙwai ce.

Makon farko shi ne mai wuya, balle a sanyin hunturunmu na Zariya. Ki shimfiɗa ɓuntun shinkafa mai kauri, ki hura gawayi a waje sai ya ja ya daina hayaƙi kafin ki shigar da shi, kuma kada ki toshe ɗakin ruf. 'Yan tsakin da kansu za su gaya miki: in sun dunƙule a jikin wuta suna kuka, sanyi ne, in sun gudu bango baki buɗe, zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna sha, ki je ki kwanta. A zafin Maris da Afrilu kuwa manyan ne ke faɗuwa, don haka ruwa mai sanyi kada ya yanke musu da rana.

Rigakafin cututtukan kaji, wato Lasota da Gumboro, ba a wasa da shi. Asibitin dabbobi na ABU yana kusa da ke, ki je su rubuta miki ranakun. Ki ɗauko maganin a filas da ƙanƙara, ki ɗauke musu ruwa na ɗan lokaci don su ji ƙishi, ki haɗa da ruwan rijiya, su shanye cikin awa biyu. Kada ki haɗa su da agwagi ko kajin maƙwabta, kuma dillali ya tsaya a ƙofa. A 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya, a nan Jaji aka gano ta, kina ƙarama ba za ki tuna yadda mutane suka ƙaurace wa kaza ba. Kazar da kika bai wa maganin ciwo kuma, ki duba jikin takardarsa, akwai kwanakin da za a jira kafin a ci namanta.

Yanzu yanka, wanda a nan ake gane mai tsabta. Ki ɗauke abinci tun dare ki bar musu ruwa kawai, da safe hanjinsu ya saki. A yanka da sanyin safiya. Maigidanki ya wasa wuƙar sosai a inda ba sa gani, ya fuskanci alƙibla, ya yi bismilla, ya ja ba tare da ɗaga hannu ba, sannan a bar jinin ya tsiyaye har ta daina motsi. Ki wanke jinin wuyan kafin ta taɓa ruwan zafi. Ruwan kada ya zama tafasasshe. Ki surka shi, ki tsoma ta ɗan lokaci kaɗan, ki ja gashin fiffike, in ya taho da sauƙi ya isa. Fatar burola laushi gare ta, tafasasshen ruwa sai ya saɓule ta, mai saye ya yatsina fuska. Malamai ma sun yi gargaɗi a kan barin kaza cikin tafasasshen ruwa alhali kayan cikinta na ciki.

Bayan figa da ɗan babbaka, ki tsaga ƙasan ciki a hankali, ki zura hannu ki jawo kayan cikin gaba ɗaya. A jikin hanta akwai matsarmama, 'yar koriya. Ki yanke ta da ɗan naman hantar, don in ta fashe ɗacin ba ya fita ko an wanke. Ƙundu ki tsaga shi ta gefe, ki zubar da tsakuwar, ki ɓare rawayar fatar ciki. Daga nan sai ruwan sanyi da ƙanƙara nan take. Kada ki yanka abin da ya fi ƙarfin firizarki, kin dai san wutarmu. Goma yau, goma gobe, kowace da mai ita.

Kashinsu da ɓuntun ki tara a buhu, masu lambu na saye. Hanji da gashi a binne, kada su jawo miki muzuru da gafiya.

Babanku ya ce in kin fara yanka ƙundun nasa ne. Ki gaida maigidanki da yara, ki turo mini ranar da za ki zuba in zo in duba ɗakin.

Wassalam,
Innarki.