Rahoton kwamitin gyaran injin ruwa na babban gida

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Aikin da kuka ɗora mana bayan Sallah ƙarama ya kammala, ruwa yana hawa har sashen bene.

Don amfanin waɗanda ke zaune nesa da Kano: injuna biyu ne a gidan. Sumo yana cikin rijiyar burtsatse yana cika tankin ƙasa, shi lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ba mu wahala shi ne ƙaramin injin mai ƙarfin doki 1 da ke tura ruwa zuwa ɗakuna, tare da tankin matsi da ke kansa. Da an buɗe famfo sai ya kama, ya ɗauke, ya sake kamawa, har Hajiya Babba ta ce ya hana ta barcin rana.

Mai gyaran farko ya canza kafasita, wato abin da ke taimaka wa inji tashi, da abin bai daina ba ya ce injin ya mutu, a sayi sabo. Saura ƙiris mu biya. A nan kwamiti ya yi sakaci, domin ba wanda ya tambaye shi dalili.

Na biyu bai ma taɓa injin ba. Ya ƙwanƙwasa tankin matsi daga sama, inda ya kamata a ji amon fanko, sai aka ji shi dam. Ya danna bawul ɗin da ke jikinsa, irin na tayar mota, ruwa ya feso maimakon iska. A cikin tankin akwai jakar roba da ke raba ruwa da iska, iskar ce ke riƙe matsi bayan injin ya tsaya. Jakar ta fashe, ruwa ya cike gurbin iska, kuma ruwa ba ya matsuwa. Shi ya sa ko kofi ɗaya aka tara sai allurar gejin da ke auna matsin ruwa ta faɗi, makunnin da ke aiki da matsi ya tayar da injin. Inji ya fi jan wuta a lokacin tashi, da an bar shi haka da koyil ɗin ya ƙone.

Mun sayi sabon tanki. Makunninmu yana kunnawa idan matsi ya sauka zuwa 30 a ma'aunin psi na geji, ya kashe a 50, don haka aka sa iska 28, wato ƙasa da ma'aunin kunnawa da 2. Sai an kashe wuta an zubar da ruwan tankin kaf ake auna wannan iska, in ba haka ba geji ƙarya zai yi.

Washegari wata matsalar ta fito: injin yana tashi da tsakar dare ba wanda ya taɓa famfo. Muka rufe layin da ya shiga gida, allura ta ci gaba da sauka, muka gane ba yoyon bututun ɗakuna ba ne. Bawul mai hana ruwa komawa baya ne yashi ya tokare. An canza shi, an kuma wanke tankin ƙasa.

Rasit duka suna wurin ma'aji. Ragowar kuɗin muna ba da shawara a yi wa injin rumfa da shi kafin damina, a sayi gejin taya a ajiye a gida don a riƙa duba iskar duk wata shida. Tsohon tankin yana zaure, mai son ganin jakar da ta fashe ya leƙa kafin 'yan gwangwan su ɗauke.