Zuwa ga mutumina na Kanada

Assalamu alaikum mutumina, ya sanyi? Kwana biyu shiru ko gaisuwa babu, sai jiya ƙanenka ya biyo shago shina gaya min wai ka sai mota. Allah shi sa alheri, shi tsare.

Amma wallahi maganar da ya ƙara ta hana ni sukuni, wai tayoyin sanyi biyu kaɗai za ka saya ka sa gaba, na baya ka bar su yadda suke don kuɗi. Don Allah kar ka yi haka. In gaba ta kama ƙasa baya ba ta kama ba, kana shiga kwana ko ka taka birki sai bayan motar ya juyo da kai kana kallo ba abin da sitiyari zai yi maka. Huɗu za ka sa, iri ɗaya. Balle nan Kwebek da kake ai doka ce, daga 1 ga Disamba har 15 ga Maris.

Ka san cikin tayoyin Beljiyam da ake kawo muna ta Kwatano akwai na sanyi da yawa, ina gane su tun daga nesa, robarsu taushi gare ta ga ƙananan tsage-tsage ko'ina a jikin zanen. Nan in mutum ya ɗora su cikin zafin Afrilu ya hau hanyar Illela nan da nan suke cinyewa, shi ya sa ba ni son sai da ma direbobin haya su. To wannan taushin shi ne amfaninsu wajenku, don da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 robar taya ta yau da kullum sandarewa take yi ta daina riƙe titi.

In ka je saye duba gefen tayar, akwai hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinshi, shi za ka nema, rubutun M+S (wato ta laka da ƙanƙara) kaɗai bai isa ba. In ta hannu ce duba lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen tayar, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, misali 3523 sati na 35 ne na 2023, kuma zurfin zanen kar ya gaza milimita 4. Iska ma tana raguwa da sanyi, ka riƙa aunawa.

Sai tuƙin. Kai da munka sani, Bodinga zuwa gari kamar ana korarka, Inna na baya tana ta salati! Can ba haka ba ne, totur a hankali, birki tun da nisa, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba. Gada tana riga sauran titi daskarewa, kuma akwai ƙanƙarar da ba ta ganuwa, sai ka ɗauka jiƙewa titin ya yi. In birki ya hau rawa ƙarƙashin ƙafarka ABS ne ke aiki, na'urar da ke hana tayoyi kullewa, danne shi kar ka saki.

Mu ma hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, yaran Mabera duk tari. Ango ya tare, amaryar 'yar Gwadabawa ce, ya ce har yanzu shina jiran gudummuwarka. Inna ta haɗa maka kilishi da kuka amma an ce ba a barin nama ya shiga can, to kukar kaɗai za mu aiko in an samu mai tafiya.

Ka turo min hoton gefen tayar kafin ka biya. A gaida madam da yara.

Naka har kullum.